Finjalin Tokuzo a Hawan Sama

Duk unguwar Yanagi, daga bakin gada har gindin tudu, babu namijin da bai taɓa zama a kujerar askin Kumagai Tokuzo ba, kuma babu wanda ya tashi daga kujerar nan kunnensa bai yi zafi ba. Wasu almakashi ne ya taɓa su, amma yawanci surutu ne. In ka ce ka kama kifi mai tsawon hannu, shi ya taɓa kama wanda ya kai kwalekwale, ya sake shi don tausayi. In ka ce ka yi mura, shi ya taɓa yin wadda likitoci uku suka zo kallo. Duk wannan bai dami kowa ba, an saba. Abin da ya ja masa shi ne katakan biki.

Kowace shekara a ƙarshen zafi, in samari suka ɗauko akwatin ɗakin bauta a kafaɗa za su zaga unguwa, mutum ɗaya ne ke tafiya a gabansu da 'yan katakai biyu a hannu. In ya buga, kwas, a ɗaga. In ya sake, kwas kwas, a sauke. Shekara talatin da ɗaya dattijo Ibuki, shugaban unguwa, yana riƙe da su, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Tokuzo kuwa tun yana gudu ba wando yake mafarkin katakan nan. Har yanzu da ya ba sittin baya, in shago ba kowa, sai ya ɗauki mataji biyu yana gwadawa a gaban madubi.

Ranar wata Litinin Ibuki yana kishingiɗe a kujerar aski, kumfa fal a haɓarsa, sai ya ce, "Bana zan miƙa katakan nan ga wani."

Reza ta tsaya cak a iska.

"Ai ba sai ka wahala da nema ba, ranka ya daɗe," in ji Tokuzo. "Mutumin yana kusa. Yana kusa ƙwarai da gaske."

"Iwao mai kifi nake tunani."

"Iwao? Wanda in ya tafa hannu ƙudaje ne kawai ke tashi?"

"Ka san al'ada, Toku-san. Ba a ba mutum katakai sai yana da finjali a gidan Inna Fusa. A can ake yanke duk maganar biki. Iwao ya shekara ashirin a kujera ɗaya."

Gidan Inna Fusa 'yar mashaya ce a lungun bayan gidan wanka: jar fitila a ƙofa, labule shuɗi, dogon teburi ɗaya da kujeru takwas, tukunyar romo tana ɓararraka tun la'asar. Duk wanda ya zama ɗan gida yana da finjalinsa na giyar shinkafa a kantar bango, da sunansa a jiki. Shi kuwa Tokuzo ko ƙafa bai taɓa sawa a ciki ba. Ƙarfe shida daidai matarsa Mitsue ke dire masa shinkafa da miya a gida, kuma mutum ne da ko man gashi mai ƙarfi ya shaƙa sai ya nemi bango ya dafa. Mai hankali da sai ya ja bakinsa ya ci gaba da aski. To, ina!

"Finjali? Haba, ranka ya daɗe! Ni da gidan Inna Fusa ai ranar da ban je ba sai an aiko a ji ko lafiya. Ba na ma faɗin abin da zan ci. In zauna kawai in ce 'na kullum', ka ga an jere."

"Af! Shekara biyu rabona da sauka can saboda gwiwar nan, amma ko a da ban taɓa ganinka ba."

"Kai da wuri kake tashi. Ni sai ƙananan mutane sun watse nake zuwa."

"To, madalla. Ranar Alhamis ka hau tudu ka riƙo ni mu je tare. In na ga finjalinka da idona, sai mu yi magana."

"An gama," in ji Tokuzo, ya kuma yanke shi kaɗan a ƙasan kunne.

Sa'ar da ya yi, ko dai rashinta, kwanakin Obon ne, lokacin da matattu ke dawowa gida ganin nasu. Da yammacin ranar Mitsue ta hau jirgin ƙasa zuwa ƙauyen wanta don share kaburburan iyayenta. Tana ba da baya Tokuzo ya ja ƙofar shago ya rufe, ya manna takarda: "An rufe saboda babban al'amari." Ya yafa farin tawul a kai don kada a gane shi, ya je ya laɓe a bayan turken wutar lantarki da ke fuskantar gidan Inna Fusa. In ya ga lungu ba kowa, sai ya lallaɓa ya leƙa ta tsagar labule.

Yamma uku yana wannan karatu, ya kuma fito da darasi uku. Ɗan gida ba ya sallama irin ta baƙo, da bayan hannu yake ɗaga labule ya ce, "Na dawo!" Ɗan gida ba ya jira a ba shi finjali, shi ke miƙa hannu ya ɗauko nasa. Sannan ya zauna ya ce, "Na kullum."

"Wannan ne abin da Iwao ya shekara ashirin yana koyo?" in ji Tokuzo. "Kai, wasu dai kansu da nauyi yake."

Saura finjali. Ya je kasuwa ya zaɓi mafi girma, mai bakin ruwan zinari, wanda in ka ga dama za ka iya shan miya da shi. Ya sa aka rubuta masa a jiki da manyan baƙaƙe: Kumagai Tokuzo, mai aski. Ranar Alhamis ƙarfe biyu, da ya ga Inna Fusa ta bar ƙofa a buɗe ta ɗauki kwando ta nufi wajen mai kifi, sai ya faɗa ciki wuf.

Kantar hawa uku ce. Hawan ƙasa cunkushe yake da finjalai, wasu ma baki a ɓantare. Na tsakiya da ɗan dama, a nan ya hango na Iwao, ya yi masa tsaki. Da ya ɗaga kai kuwa sai ya saki baki. Hawan sama finjali bakwai ne kacal, an goge su suna ƙyalli, ga 'yar fure a kwalba, ga ɗan kaskon turare a gefe.

"Yawwa! Ga wurin manya."

Ya taka kujera, ya ture wani tsohon finjali ruwan ƙasa da ke tsakiya zuwa can gefe, ya dasa nasa a gurbin. Ya sauko ya ja da baya ya duba, ya ga ya yi, ya fice yana murmushi.

Abin da Tokuzo bai sani ba, kowane yaro a Yanagi ya san shi. Da ma mai aski ya kamata ya fi kowa jin labari, amma shi wannan shekara arba'in yana magana bai taɓa tsayawa ya saurari kowa ba. Hawan sama na waɗanda suka riga mu ne. In mutum ya mutu, iyalinsa kan zo da rana tsaka lokacin da ba kowa, su ɗora finjalinsa can ba tare da sun ce uffan ba, don kada a yi kuka a kan abinci. Tsohon finjalin nan ruwan ƙasa kuwa na marigayi mijin Inna Fusa ne.

Inna Fusa ta dawo tare da Iwao yana ɗauke mata da kwando, suka tarar da Sakichi mai awara yana jira a ƙofa da bokitinsa. Tana shiga ta ɗaga kai kamar yadda ta saba, sai ta dafe ƙirji.

"Wayyo! Toku-san!"

"Me ya yi kuma?" in ji Iwao.

Ta nuna da yatsa. Su uku suka yi cirko-cirko.

"Shi ya sa shago ke rufe kwana uku," in ji Sakichi. "Babban al'amari, haka aka rubuta. Ni da na ɗauka wata sabuwar ƙaryar ce."

"Amma ai bai taɓa shigowa nan ba," in ji Iwao.

"Da bakinsa ya shigo sau dubu," in ji Inna Fusa, tana share ido da gefen riga. "Allah sarki Mitsue. Ta san burinsa ke nan, ta cika masa. Dubi girman finjalin, ko a nan ma ba ta rage masa ba."

Sakichi ya ruga ya buga ƙofar shagon aski, shiru. Matar Sakichi ta san lambar wayar gidan wan Mitsue, ta buga ta samu Mitsue, ta ce, "Sannu da haƙuri, 'yar uwa, yanzu muka ji abin da ya sami Toku-san." Ba ta ji amsa ba, sai ƙarar faɗuwar kan waya. Kafin ƙarfe huɗu labari ya kai bakin gada.

Shi kuwa mamacin yana sama a ɗakinsa, ya ji bugun ƙofa sarai ya ƙi saukowa, wai kada a ga sabuwar rigarsa kafin lokaci. Yukata ce, doguwar rigar lokacin zafi, fara sol da ya saya don ranar, ta dogon mutum, shi kuma gajere ne, har tana jan ƙasa. Tun da aka yi aurensu Mitsue ce ke naɗa masa riga ta ɗaure ɗamara. Yau ya tsaya a gaban madubi, madubi ya juya masa hagu da dama, ya ɗora ɓangaren dama a kan na hagu, yadda ake naɗa wa gawa. Zafi kuma ya sa yana ta gumi, sai ya ɗauko hodar da yake shafa wa masu aski a ƙeya, ya bulbula wa wuyansa da fuskarsa ba tausayi. Ya bi ta ƙofar baya ya hau tudu.

Ibuki idonsa ya yi rauni, kunnensa ma haka. Ya ƙura wa rigar ido ya ce, "Toku-san, wannan naɗin naka kamar da wani abu."

"Sabon yayi ne, ranka ya daɗe. Bai iso tudu ba tukuna."

Saukowar ta ɗauke su awa guda, taku uku a huta. Ƙarfe shida saura suka iso lungu, rana ta yi ja, an kunna fitilar ƙofa, ƙamshin gasasshen kifi ya cika wurin. Suna isa bakin labule suka ji muryar Sakichi daga ciki.

"Ba za a sake yin irin Toku-san a unguwar nan ba."

Tokuzo ya zunguri dattijon. "Ka ji ko? Ban ma shiga ba."

"Gaskiya ne," in ji muryar Iwao. "Mutum ɗaya ya yi maka aski, ya yi maka ƙarya, ya yanke ka, duk a zama ɗaya."

"Me ya ce?" in ji Ibuki.

"Ya ce hannuna da sauri."

"Ku bari mana," in ji Inna Fusa. "Ni fa kwana uku ke nan ina ganin fuskarsa a tsagar labulen can, da farin abu a kansa, yana leƙe. Ban gaya wa kowa ba. Ashe..."

Tokuzo ya ga asiri zai tonu tun ba a fara ba. Ya sa bayan hannu ya ɗaga labule, ya faɗa ciki, ya buɗe murya iya ƙarfinsa.

"Na dawo!"

Tabɗi! Sakichi ya yi baya da kujerarsa, ƙafafu a sama. Wasu ma'aikatan gidan waya biyu da ke ƙarshen teburi suka bi ta ƙofar kicin, ɗaya da tsinken nama a baki. Iwao ya tsallake teburi ya ɓuya bayan tukunyar romo, ya ɗaga ludayi. Inna Fusa ce kaɗai ta tsaya, ta rarumo tulun gishiri, ta damƙo, ta watsa wa Tokuzo a fuska.

"Koma, Toku-san! Koma! Na san sai jibi ake raka ku matattu, amma kai ka yi haƙuri ka tafi yau!"

"Inna, ni ne fa! Idona! Inna!"

"Mun san kai ne, shi ya sa!"

"Ko kwana uku bai cika ba ya dawo," in ji Iwao daga bayan tukunya. "Can ma surutu ya sa suka koro shi."

Sakichi ya rarrafo ya kifa goshi a ƙasa yana murza tafin hannu. "Toku-san, ka yafe mini! A tashar jirgi nake aski tun bara. Da na ce maka gashina ya daina tsiro, ƙarya nake!"

"Kai, munafuki!" in ji Tokuzo, ya manta da gishirin. "Wajen yaron nan da ke aski kamar yana yankan ciyawa?"

Sai ga Ibuki ya shigo yana dogara sanda. "Wai me ake yi ne? Faɗa ake?"

"Wayyo Allah, har ya ɗauko Shugaba!" in ji Sakichi. "Shugaba, kada ka bi shi! Ka ce gwiwarka na ciwo!"

"Ku duba ƙafa," in ji Inna Fusa, hannunta cikin tulu. "Fatalwa ba ta da ƙafa. Iwao, duba."

Aka duba, rigar ta rufe komai har ƙasa, ba ƙafa ba dalilinta. Sakichi ya sake kurma ihu. Iwao ya miƙo ludayi daga nesa, ya ɗage gefen rigar. Ga ƙafafu nan biyu cikin takalmin katako, gajeru, masu gashi, da babban yatsa ɗaya naɗe da tsumma. Don ya tabbatar, ya ƙwala wa yatsan ludayi. Ƙarar da Tokuzo ya yi har gidan wanka an ji ta.

"Da ransa," in ji Iwao. Ya sauke ludayi. "Kash."

Da wani ne, da tuni ya nemi ƙofa. Tokuzo kuwa ya kakkaɓe gishiri daga gira, ya yi wata dariyar yaƙe, ya ja wa Ibuki kujera.

"Ka ga irin wasanmu na 'yan gida, ranka ya daɗe? Kullum haka suke tarbata. Jiya ma da barkono ne."

Ibuki ya zauna a hankali, ya jingine sanda. "To, na gani. Ina finjalin?"

"Yanzu kuwa."

Tokuzo ya tattare riga, ya taka kujera, ya miƙa hannu can hawan sama, ya sauko da finjalinsa yana juya shi don zinarin ya kama hasken fitila. Ya dire shi a gaban dattijon. Zuwa lokacin mutanen lungu sun cika bakin ƙofa, wasu da tawul a wuya daga gidan wanka, wata tsohuwa riƙe da furen da ta kawo na ta'aziyya.

Ibuki ya dubi finjali, ya ɗaga kai ya dubi hawan sama, ya dubi Tokuzo.

"Toku-san, yaushe ka mutu?"

"Ranka ya daɗe?"

"Na ce yaushe ka rasu? Ba a gaya mini ba. Ga Heisuke can, shekara tara. Ga malamin makaranta, shekara huɗu. Kai fa?"

A nan ne Tokuzo ya sake duban furen nan da kaskon turare, sai ya gane abin da ya yi. Amma bakinsa bai jira shi ba.

"Ai... ai girmamawa ce. Ni kaɗai aka yi wa haka da raina. Inna ce ta matsa. Ko ba haka ba, Inna?"

Ya kashe mata ido. Inna Fusa ba ta ko dube shi ba. Ta taka kujera, ta ɗauko finjalin mijinta daga gefen da aka ture shi, ta goge da hannun riga, ta mayar da shi tsakiya. Da ta sauko fuskarta ba alamar wasa. Duk wanda ya san ta ya ja kujerarsa baya kaɗan.

"Zauna, Toku-san," ta ce a hankali. "Me za a kawo maka?"

Ya zauna, ya gyara murya, ya dubi Ibuki ta gefen ido. "Na kullum."

"To."

Ta shiga kicin ta fito da 'yar tasa, shinkafa fara an tula ta kamar tudu, ta dire a gabansa. Ta ɗauki tsinkayen cin abinci biyu ta caka su a tsaye a tsakiyar shinkafar. Ta cika finjalin nan da giya har baki. Ta kunna turare ta kafa a gefen tasar, ta ɗauko 'yar ƙararrawa ta buga, tin! Sannan ta haɗa tafin hannu ta sunkuyar da kai. Iwao ya haɗa nasa. Sakichi ya haɗa. Mutanen bakin ƙofa duk suka haɗa, kafaɗunsu na rawa.

"Na kullum ɗin 'yan hawan sama ke nan," in ji Inna Fusa. "A ci lafiya."

"Babu ɗan kifi?"

"Ba sa tambaya."

"Haka nake so da ma," in ji Tokuzo, ya zare tsinkayen. "Kifi yana sa ni ƙaiƙayi." Ya tura gayan shinkafa yana haɗiya da ƙyar, hayaƙin turare na shiga masa hanci.

"Ba ka taɓa finjalin ba," in ji Iwao. "Ko sai ƙananan mutane sun watse?"

Tokuzo ya dubi finjalin. Sai yanzu ya ji haushin girmansa. Ya dubi Ibuki, ya ga dattijon na kallonsa. Ya tuna katakai. Ya rufe ido ya kafa kai, ƙwat ƙwat ƙwat, har ƙasa.

Da farko ba abin da ya faru. Can sai kunnuwansa suka yi ja ta cikin hoda, ya dubi Iwao ya ce masa su biyun duka su daina motsi. Ya miƙe, ya rarumo muciyoyin shinkafa biyu daga teburi, ya haye kujera.

"Ranka ya daɗe, dubi hannu! Dubi hannun da aka haifa don katakai! A ɗaga!"

Ya buga, muciyoyin suka saɓa wa juna, ɗaya ta sami fitilar da ke rataye. "A sauke!" Ya sake bugawa, wannan karon suka haɗu daidai, da hancinsa a tsakiya. Ɗamarar da ya ɗaura da kansa ta ga abin ya ishe ta, ta kwance.

Daidai nan taron bakin ƙofa ya dare biyu. Mitsue ce, cikin baƙaƙen kayan makoki na aro da suka yi mata yawa, ido ya kumbura, takalmi ɗaya a hannu. Tun daga ƙauye take kuka, jirgi biyu ta canza.

"Ina yake? Ina kuka kai shi? Ku bar ni in gan shi!"

Aka nuna mata. Ga shi a kan kujera, fari fat, hanci ja, muciya a kowane hannu, yana ƙoƙarin tare riga da gwiwar hannu. Ta tsaya tana kallonsa. Ta zo ta taɓa ƙafarsa, ta ji da ɗumi. Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta share hawaye, sannan ta gyara riƙon takalmin.

"Sauko."

"Uwar gida, bari in yi miki bayani..."

"Sauko, Tokuzo. Na yi maka kukan awa biyu a gaban mutanen jirgi. Wata mata har ta ba ni lemo. Yau sai ka biya ni kukan nan."

"A gaban Shugaba fa muke. Nan wurin zamana ne, kowa ya san..."

"Wurin zamanka? Kai? Shekara talatin da shida ƙarfe shida tana yi maka a gaban tasata! Mutumin da ranar aurenmu ya kurɓi giyar ɗaurin aure sau uku aka fitar da shi a kan ƙyaure! Wa ya ba shi abin sha? Kuma wa ya naɗa maka riga haka?"

"Sabon yayi ne," in ji Ibuki. "Bai iso tudu ba."

Nan fa dariyar da ake ta dannewa ta fashe, daga cikin gida har lungu. Sakichi yana dukan teburi, tsohuwa mai fure ta zauna a ƙasa. Ita kanta Inna Fusa sai da ta juya baya ta rufe baki da tsumma. Ibuki ya yi dariya har ya ƙware, aka ba shi ruwa. Da ya dawo daidai ya buga sandarsa a ƙasa, aka yi shiru.

"Iwao, ranar biki ka zo ka karɓi katakai."

Iwao ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa teburi. Tokuzo ya sauko daga kujera a hankali, ya ajiye muciyoyin. Wallahi a lokacin ya ba da tausayi, don abin nan da gaske yake sonsa, kuma karo na farko ke nan da aka ga bakinsa a rufe.

"Kai kuma, Toku-san," in ji Ibuki, "ina da aiki dominka. Rumfar tsoratar da yara da muke kafawa a bayan ɗakin bauta, shekara goma muna sa mutane su yi fatalwa, yara na yi musu dariya. Kai ko gwaji ba ka yi ba ka kori ma'aikatan gidan waya biyu. Ka zo da rigar nan yadda take."

Tokuzo ya ja hanci. "Fatalwa nawa ne a rumfar?"

"Ɗaya."

"Wato ni ne babba."

"Kai ne babba."

"Da ma na faɗa," in ji Tokuzo, Mitsue ta ja shi waje da kunne.

Ranar biki da hantsi aka zaunar da shi a cikin rijiyar kwali a rumfa mai duhu, an bulbula masa hoda, zafi kamar gidan burodi. Mitsue ce ke tsaron ƙofar rumfar. Can daga bakin gada ya jiyo ihun samari, sannan ƙarar nan da ya shekara hamsin yana jira ta taso, tsaf, ba gargada. Kwas! Kwas kwas! Ta matso, ta wuce ta gaban ɗakin bauta, ta yi nisa. Tokuzo ya saurara har ta ɓace. Ya leƙo da kai daga rijiya.

"Kin ji ko? Ya yi saurin ta biyun. Ni da a ce..."

"Kai mamaci," in ji Mitsue, "rufe baki ka koma ciki, ga yara nan zuwa."